Da wuta ake ƙonewa, ko a wurin wuta?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a wuya, ga jarrabawa saura mako uku. Muna karanta masanan Turai na ƙarni na 17 waɗanda suka fifita hujjar hankali a kan abin da ido ya gani: Dekat, Malbaransh, Sifinoza da Laibniz. Inda na cije shi ne maganar tasiri. A littafinsa na 1644 Dekat ya ce haƙiƙar jiki, dutse ne ko ruwa ko naman mutum, ba ta wuce tsawo da faɗi da kauri ba. Launi da nauyi da tauri da zafi duk kana iya cire su a tunaninka, jiki yana nan a jikinsa. To in haka ne, a ina ƙarfi yake zaune? Tsawo ba ya tura komai, faɗi ba ya ƙona komai. In ƙwallo ta bugi 'yar'uwarta ta gangara, mene ne ya fita daga ta farko ya shiga ta biyu? A taimaka mini don Allah.

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Malama, motsi ne ya fita daga wannan ya shiga waccan. Nauyi sau gudu. Mu auna kafin karo, mu auna bayan karo, jimilla ba ta canjawa. Yarana na SS2 ma suna lissafa shi.

Ɗalibar Samaru:
Na gode Malam. Amma lissafin ya gaya mini nawa ne, bai gaya mini wa ya yi ba. Kuma motsi ba kaya ba ne da za a sauke daga bayan wannan jaki a ɗora wa wancan. A wurin Dekat motsi hali ne da jiki yake ciki, kamar yadda nake zaune yanzu. Zaman nan nawa zai iya barina ya koma kan wata?

Ɗan Damagaram:
Ƙanwata, kin taka daidai wurin da Malbaransh ya taka. Mu nan Nijar ana yi mana falsafa a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, can na fara jin sunansa, daga baya na nemi littafinsa da Faransanci. Limamin coci ne a Paris, an haife shi 1638. A 1664 ya ci karo da littafin Dekat a kan halittar ɗan'adam, daga nan rayuwarsa ta juya. Bayan shekara goma ya fitar da nasa a kan neman gaskiya.

Ga yadda ya jera maganarsa. Ya ce sababi na gaskiya shi ne wanda hankali yake ganin ɗauri na dole tsakaninsa da abin da ya haifar, ta yadda ba za ka iya ƙaddara wannan ya faru wancan ya ƙi biyowa ba. Ka duba ƙwallo biyun nan. Kana iya ƙaddarawa a ranka ta farko ta zo ta taɓa ta biyu su tsaya cik, hankalinka bai karye ba. Amma ka ce Mai iko a kan komai ya nufi abu abin ya ƙi kasancewa, wannan maganar ta rushe kanta. Saboda haka ɗauri na dole wuri ɗaya kawai ake samunsa, tsakanin nufin Allah da abin da ya nufa. Karon ƙwallo lokaci ne kawai da Allah yake motsa ta biyu, bisa dokokin da shi ya ɗora wa aikinsa.

Yana da hujja ta biyu wadda ta fi kama ni, a littafinsa na 1688. Dekat ya riga ya ce riƙe halitta da ƙagenta aiki ɗaya ne, a tunani kawai ake raba su. Sai Malbaransh ya ɗauki kujera ya yi misali: Allah ba zai nufi kujerar nan ta kasance ba tare da ya nufe ta a wani wuri ba, ko nan ko can. In kuwa kowane lokaci shi yake ajiye ta a wurinta, wane aiki ya rage wa mai turawa?

Har hannunki bai bari ba. Ya ce mutum yana ɗaga hannu alhali bai san jijiya ko ɗaya da aikin ya bi ta cikinta ba. Ta yaya za ka zama mai yin abin da ba ka san yadda ake yin sa ba?

Almajirin Zaure:
Allahu Akbar. Malam, wannan ai karatunmu ne na zaure tun muna yara. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu 1490, ya san cewa babu wani abin halitta da yake da tasiri a cikin komai. Malaminmu yakan ce wuta ba ta ƙonawa, wuƙa ba ta yankawa, abinci ba ya ƙosarwa. A wurinsu ake halittar ƙuna da yanka da ƙoshi, ba da su ba. Sunan wannan al'ada. Kafin Sanusi ma Imamu Gazali, wanda ya rasu 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa. Ya ce ido ya ga ƙuna ta faru lokacin da suka haɗu, bai ga cewa wutar ce ta yi ba. Ashe Baturen nan kwafowa ya yi daga malamanmu bayan shekara fiye da 500.

Tsohon Lakcara:
Malam Almajiri, Allah ya ƙara sani. Kamar da ka gani tana nan, kuma akwai hanyar da maganar malaman kalam, wato masu ilimin tauhidi, ta bi ta isa Turai: raddin da Ibn Rushd, masanin falsafa na Andalus, ya yi wa Gazali an juya shi zuwa Latin tun ƙarni na 14, kuma Musa bin Maimun, malamin Yahudawa, ya zayyana ra'ayinsu a littafin da Turawa suka karanta sosai. Amma kalmar kwafowa ta yi nauyi. Ƙofar da Malbaransh ya shigo ta ita ce wadda 'yata ta nuna a farko. Dekat ya kwashe duk wani ƙarfi daga cikin jiki ya bar shi da awo kawai, kuma a 1649 da kansa ya rubuta wa wani masani na Ingila cewa motsi, tunda hali ne, ba ya ƙaura daga jiki zuwa jiki. Almajiransa da dama sun kai ga wannan matsaya kafin Malbaransh, a cikin shekarun 1660.

Kuma ku lura da abin da Dekat yake gudu. Malaman jami'o'in zamaninsa, masu bin Aristotal, in ka tambaye su me ya sa dutse ke faɗowa sai su ce akwai nauyi a ɗabi'arsa. Me ya sa wannan magani ke sa barci? Akwai ƙarfin sa barci a cikinsa. Dekat ya ga wannan maimaita tambaya ne da wasu kalmomi. Ya share su, ya yi daidai ta wani gefen, amma sharar ta tafi har da abin da ake bukata.

Hajiya Mai Kemis:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba falsafa na karanta ba. Shekarata 18 ina sayar da magani. An taɓa kawo mini kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro, kwali daidai, launi daidai, girman ƙwaya daidai, ashe jabu ne. Wata mata ta ba ɗanta kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, sai da aka kai shi asibiti. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na yarda waraka daga Allah take, kullum ina faɗa wa masu saye. Amma in babu komai a cikin ƙwayar kanta, me ya raba ta gaskiya da jabu? Tsawonsu da faɗinsu ɗaya ne.

Almajirin Zaure:
Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Amsar ita ce Allah ya gudanar da al'adarsa ta halittar sauƙi a wurin sinadarin gaskiya, bai gudanar da ita a wurin alli ba. Shi ya sa neman maganin gaskiya wajibi ne, mai sayar da jabu kuma azzalumi ne. Riƙo da sababi ba ya karo da abin da na faɗa.

Hajiya Mai Kemis:
To Malam, da me na san sinadarin gaskiya ne in ba da abin da yake yi ba? A ɗakin gwaji ma haɗa shi ake yi da wani abu a ga yadda zai yi. In ka cire duk abin da yake yi, me ya rage da zan kira shi da sunansa?

Tsohon Lakcara:
Hajiya, wallahi kin faɗi abin da Ibn Rushd ya faɗa wa Gazali. Ya ce abubuwa sun sami sunayensu da iyakokinsu ne daga ayyukan da suka keɓanta da su. In wuta ba ta da aikin da ya keɓance ta, ba ta da sunan da ya keɓance ta, sai komai ya zama abu ɗaya. Ya ƙara da cewa wanda ya kore sababi ya kore hankali.

Wannan tambayar taki ita ce zuciyar maganar, kuma ita ta kai mu ga Sifinoza. Bayahuden Amstadam ne, an haife shi 1632, jama'arsa suka yanke shi daga cikinsu a 1656, ya rayu yana goge gilasan na'urorin hangen nesa da na ƙara girman abu. Babban littafinsa bai fito ba sai bayan rasuwarsa a 1677. Ya tsara shi kamar littafin jometiri: ma'anoni, sai ƙa'idoji, sai mas'aloli masu lamba kowace da hujjarta.

Malbaransh ya raba haƙiƙar abu da ƙarfinsa, ya bar wa abu haƙiƙa ya miƙa ƙarfi sama. Sifinoza ya ce ba su rabuwa. A kashi na 1, mas'ala ta 34, ya ce ikon Allah shi ne zatinsa. Mas'ala ta 36 ta ce babu wani abu samamme da ba a samun wani sakamako daga ɗabi'arsa. Sai a kashi na 3 ya sauko kan ɗaiɗaikun abubuwa: mas'ala ta 6, kowane abu gwargwadon abin da ke gare shi yana yunƙurin ɗorewa a kan samuwarsa; mas'ala ta 7, wannan yunƙurin shi ne ainihin haƙiƙar abin. Wato ba wai akwai ƙwaya sannan aka zuba mata ƙarfi ba. Kasancewarta wannan ƙwayar da iya yin abin da take yi magana ɗaya ce.

Misalin da yake so shi ne alwatika. Kusurwoyinta uku in an haɗa su daidai suke da kusurwa biyu masu digiri 90, wato digiri 180. Ba wanda ya ɗora mata wannan daga waje, kasancewarta alwatika ne ya haifar da shi. Ya ce haka komai yake kwararowa daga zatin Allah. 'Yata, ki riƙe wannan: ya karɓi sharaɗin Malbaransh na ɗauri na dole tun kafin Malbaransh ya rubuta shi a yadda muka sani, amma shi ya ga ɗaurin a ko'ina, domin a wurinsa haifarwa da lizimtawa abu ɗaya ne.

Almajirin Zaure:
Baba, da girmamawa, amma a faɗi sauran. Wannan mutumin cewa ya yi samamme mai tsayuwa da kansa ɗaya ne tak, ni da kai da dutse duk halaye ne a cikinsa. Kuma ya ce abubuwa ba za su yiwu su kasance ta wata hanya daban ba. Ina iradar Allah? Ina zaɓi? In ƙuna ta lizimci wuta kamar yadda 180 ta lizimci alwatika, wutar Annabi Ibrahim alaihis salam fa, da aka ce mata ta zama sanyi da aminci? Ba na jin daɗin a kawo wannan a zaure ba tare da an nuna ɓatansa ba.

Shugaban Zaure:
Malam Almajiri, an ji. Bayanin ra'ayin mutum daban, ɗaukarsa daban. Yarinya jarrabawa za ta rubuta. A ci gaba cikin mutunci.

Tsohon Lakcara:
Gaskiyarka Malam, duk abin da ka jingina masa ya faɗa. Mas'ala ta 33 ce ta kore yiwuwar wani tsari daban, kuma a littafinsa na 1670 ya musanta mu'ujiza a ma'anar saɓa wa ɗabi'a. Kiristocin zamaninsa ma sun kira shi mulhidi. Ni ban bi shi can ba. Abin da nake so a gani shi ne kuɗin da kowane ra'ayi yake biya. Ka ba wa abu ƙarfi ta hanyar mai da shi haƙiƙarsa, ka sami duniyar da ake iya fahimta tun daga tushe, amma ka rufe ƙofar "da an so da ba haka ba".

Ɗalibar Samaru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, yanzu na fara gani. Amma misalin alwatikar nan yana damuna. Alwatika ba ta yin komai. 180 ɗin ba ta zo bayan alwatika ba, tare suke tun fil azal. Wuta kuwa tana cin auduga a cikin lokaci, da akwai auduga, yanzu toka. Ta yaya "ya lizimci" zai zama "ya aikata"? Ina ganin kamar ya sa wa lissafi rigar ƙarfi ne.

Tsohon Lakcara:
Madalla da wannan. Wani matashi Bajamushe masanin lissafi, Cirnhaus, ya matsa masa da tambaya mai kama da taki a wasiƙu a 1676. Ya ce daga da'ira ita kaɗai siffa ɗaya ake iya fitarwa, to ta yaya za a fitar da dukan nau'o'in jikuna da motsinsu daga shimfiɗuwa kawai, wato tsawo da faɗi da kauri? Sifinoza ya amsa cewa daga shimfiɗuwa irin ta Dekat, tuli mara motsi, ba zai yiwu ba, kuma Dekat ya yi kuskure da ya bayyana jiki da ita. Ya ce in rai ya kai zai yi bayani filla-filla. Wannan a watan Yuli ne. A Fabrairun 1677 ya rasu yana da shekara 44. Duk lokacin da na zo wannan wasiƙar sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Malamin Fiziks:
Na koma na duba, kuma na janye amsata ta farko, domin ashe ita ce Laibniz ya rusa. Ku ba ni dama, nan fagena ne.

Dekat ya ce Allah yana riƙe da adadin motsi ɗaya a duniya, girma sau gudu. A 1686 Laibniz ya buga 'yar gajeriyar maƙala a wata mujallar masana ta Laifzig ya ce wannan kuskure ne. Shi da awon zamaninsa ya yi, ni zan sa kilo da mita. Ɗaga kilo 1 zuwa mita 4 da ɗaga kilo 4 zuwa mita 1 aiki ɗaya ne, kowa ya yarda. To a sake su su faɗo, kowanne zai iso ƙasa da ƙarfin da zai iya mai da shi inda ya fito, saboda haka ƙarfinsu ɗaya. Amma Galileo ya nuna cewa wanda ya faɗo daga ninki huɗu na tsawo gudunsa ninki biyu ne kawai. A lissafin Dekat, na farko 1 sau 2, wato 2; na biyu 4 sau 1, wato 4. Ba su daidaita ba. In ka ninka gudun a kansa tukuna, na farko 1 sau 4, na biyu 4 sau 1, duka 4. Saboda haka ƙarfi daban, adadin motsi daban. (Abin da muke koyarwa yau na nauyi sau gudu yana lura da inda abu ya dosa, na Dekat bai lura ba, shi ya sa namu yake tsayawa.)

Abin da ya ciro daga nan ne ya shafi tambayar Malama. Kun san in kana zaune cikin mota a tasha, ta kusa da kai ta fara tafiya, sai ka ji kamar taka ce ke ja da baya. Laibniz ya ce in motsi canjin wuri ne kawai, babu yadda za a ce wannan ne ke tafiya wancan ke tsaye. Abin da zai sa a jingina motsi ga ɗaya shi ne ƙarfin da ke cikinsa, kuma ƙarfi ba tsawo ba ne, ba faɗi ba ne. Don haka ma'anar da Dekat ya ba jiki ta gaza tun daga tushe, kuma hujjar Malbaransh da ta hau kanta ta rasa ƙafa ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Ƙafa ɗaya, Malam, amma ta kujera tana nan. Kuma ka faɗa wa ƙanwata inda Laibniz ya ƙare. Ya cika kowane jauhari, wato abu mai tsayuwa da kansa, da ƙarfi, sannan ya ce babu jauharin halitta da yake tasiri a kan wani. A rubutunsa na 1714 ya ce jauharorin nan ba su da tagogin da wani abu zai shiga ko ya fita. Kowanne daga cikinsa yake fitar da duk abin da zai same shi, Allah kuma ya daidaita su tun farko kamar agogo biyu da gwani ya ƙera suna bugawa tare. To a wurinsa ma ƙwayar Hajiya ba ta taɓa yaron ba a haƙiƙa. Ni a ganina Malbaransh ya fi shi sauƙin haɗiya.

Tsohon Lakcara:
Haka ne, kuma dalilinsa shi ne na 'yata: hali ba ya ƙaura daga wani zuwa wani. Amma kada a raina abin da ya ƙara. A 1698 ya rubuta raddi ga wani malami Bajamushe mai ra'ayi kusa da na Malbaransh. Ya ce umarnin da Allah ya yi wa halitta tun farko, ko dai ya bar wani gurbi mai ɗorewa a cikin abubuwa, ko bai bari ba. In bai bari ba, umarnin bai canja komai ba kenan, kuma wannan bai dace da ikon Allah ba. In ya bari, wannan gurbin shi ne ƙarfin da ake musu a kai. Sai ya zo da babbar: abin da ba ya aikata komai ba shi da abin da zai sa ya zama shi ɗin ne daga lokaci zuwa lokaci, don haka bai cancanci a kira shi jauhari ba, sai ya koma hali kawai na jauhari ɗaya madawwami. Wato yana gaya wa Malbaransh, limamin da ya tsani ra'ayin Sifinoza, cewa hanyarsa gidan Sifinoza take kaiwa. Kuma Laibniz ya san gidan, domin ya je har birnin Heg ya zauna da Sifinoza a Nuwamban 1676.

Almajirin Zaure:
Baba, wannan "ƙarfin da aka ajiye a cikin abu" Shehu Sanusi ya ambace shi da kansa ya kore shi, domin zai sa Allah ya bukaci tsani wajen samar da wasu ayyuka. Kuma ba mu ce halitta ba ta samu ba. Jauhari samamme ne, wanin Allah ne, sifofin da ke hawa kansa ne ake sabuntawa. Samuwa daban, tasiri daban. Me zai hana abu ya kasance alhali ba ya aikatawa?

Bakon Zaure:
Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. A yi adalci, ba duk malaman Musulunci ne a kan wannan ba. Ibn Taimiyya ya tabbatar da cewa Allah ya sanya ƙarfi da ɗabi'a a cikin sababai, ya kafa hujja da ayoyin da suka ce an saukar da ruwa aka fitar da 'ya'yan itace da shi. "Da shi" aka ce. Kuma Gazali kansa a wannan mas'ala ta 17 ya buɗe hanya ta biyu: a yarda an halicci wuta da siffar ƙonawa, amma Allah yana iya tsare zafinta ko ya sanya wa jikin Annabi abin da zai kare shi.

Almajirin Zaure:
Hanya ta biyun tana nan, na karanta ta. Malamanmu sun ɗauke ta a matsayin sassauci ga abokin jayayya don a kama shi da abin da ya yarda da shi. Amma na yarda akwai saɓani, ban ce ijma'i ba ne.

Hajiya Mai Kemis:
Ni dai tambayar Malam ta ƙarshe ce ta tsaya mini, ko abu zai kasance alhali ba ya aikata komai. Na yi ta juya ta ina shirya kaya a kanta. Duk abin da na ɗauka, da aikinsa na san shi. Sannan in hannuna ba ni ke ɗaga shi ba, ranar da na miƙa wa matar nan kwalin nan, wa ya miƙa?

Ɗan Damagaram:
Hajiya, Malbaransh zai ce motsin hannun na Allah ne, amincewar zuciya taki ce, kuma a kanta ake hisabi. Ke kuwa ba ki san jabu ba ne, zuciyarki ba ta amince da cuta ba. Amma masu sukarsa tun yana raye sun tambaye shi: amincewar ita ba aiki ba ce? In rai yana iya wannan, to ga halitta ɗaya mai ƙarfi.

Ɗalibar Samaru:
Wannan ya tuna mini da Gimbiya Elizabet ta Bohemiya. A Mayun 1643, tana da shekara 24, ta rubuta wa Dekat ta ce ya gaya mata yadda rai, wanda ba shi da tsawo ko faɗi, yake motsa jiki, alhali turawa tana bukatar taɓawa. Ya ba ta misali da nauyi yadda mutane suke ɗaukarsa yana jan dutse ƙasa, ta ce ai kai ka ce wannan fahimtar kuskure ce. Da na fara karantawa na ɗauka matsalar rai da jiki ce kawai. Yanzu na ga ko tsakanin dutse da dutse tana nan.

Ga abin da zan rubuta in tambayar ta fito, ku gyara mini. Su ukun da suka biyo bayan Dekat sun yarda cewa sababi na gaskiya dole a iya fahimtar sakamakonsa daga haƙiƙarsa. Malbaransh ya duba haƙiƙar jiki bai ga komai ba, ya miƙa tasiri duka ga Allah. Sifinoza ya ce haƙiƙa ita ce ƙarfin. Laibniz ya ce in ba a ga ƙarfi a ma'anar jiki ba, ma'anar ce ke da gyara. Ni zuciyata ta fi karkata ga Laibniz a kan cewa abin da ba ya yin komai da wuya a ce wani abu ne, amma maganar rashin tagogi ta ƙi shiga kaina.

Tsohon Lakcara:
Ya yi, 'yata, sai gyara ɗaya. Kada ki rubuta cewa Dekat da kansa ya kore tasirin halitta gaba ɗaya. Ya ce Allah ne sababin farko na motsi, amma ya ci gaba da cewa rai yana motsa jiki, har ya nuna wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa a matsayin mahaɗarsu. Masana har yau suna jayayya a kan matsayinsa game da jiki da jiki. In kuma an tambaye ki abin da ya biyo baya, ki ambaci Hiyum na Sikotlan a 1739: ya ɗauki gwajin Malbaransh na ɗauri na dole, ya ce shi bai same shi a ko'ina ba, abin da muke da shi sabo ne na ganin wannan yana bin wancan.

Almajirin Zaure:
Sabo. To ai al'ada kenan Baba, sai dai ya cire Mai gudanar da ita.

Malamin Fiziks:
Akwai gwajin da wani malamin jami'ar Laidin a Holan ya yi a 1722 don raba gardamar Dekat da Laibniz. Ya saki ƙwallayen tagulla masu girma ɗaya, nauyi daban, a kan laka mai taushi, ya auna ramin da kowace ta yi. Mai nauyi daga ƙasa-ƙasa da mara nauyi daga sama, in nauyi sau tsawo ya zo ɗaya, ramin ɗaya ne. Ranar Litinin zan sa yara su kwaɓo yumɓu mu gwada da gwangwani biyu iri ɗaya, ɗaya cike da yashi, ɗaya rubu'i. Zan turo hotunan nan zaure.

Almajirin Zaure:
Ka turo Malam, ina son gani. Amma ka sani tun yanzu, in ramukan sun zo daidai zan tambaye ka wa ya haƙa su.

Ɗalibar Samaru:
Baba, wasiƙun Cirnhaus ɗin nan, lamba nawa ne a tarin wasiƙun Sifinoza? Gobe da safe zan shiga laburare.

Tsohon Lakcara:
Daga 80 zuwa 83. Ki fara da ta 82, ita ce tambayar, sannan ki karanta amsar a ta 83.